Ranar da Kududdufi Ya Zama Tudu

Tun da na dawo Mayahi wayata ba ta huta ba. Balkisa ta kira, Ramatu ta kira, har wadda rabona da ita tun muna kwalej ta samo lambata, kuma duk tambayar ɗaya ce: wai da gaske ne na je ƙauyen kakanninmu na mayar da rami tudu a gaban Maigari, dattawa suka watse suna salati? Ba su watse ba. Salatin dai an yi. Na lura duk wadda na ba labarin sai ta ƙara masa gishiri kafin ta miƙa wa ta gaba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru.

Ga waɗanda ba su san abin da nake karantawa ba, ilimin taswira nake yi a jami'a. Da ranin bana ajinmu ya tashi wani ƙaramin jirgi marar matuƙi a kan wasu ƙauyukan ƙasar Tasawa, ya auno tsayin ƙasa, ni kuma na roƙi a ba ni ƙauyen su Baba in yi aikina a kansa. Abin da jirgin ke kawowa lambobi ne zalla, ordinata, wato kwamfuta, ke mayar da su hoto. Dabara biyu muke yi wa hoton. Ta farko, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, don haka sai mu ja tsayinta, tudun da bai wuce gwiwa ba ya miƙe ya yi kai da kafaɗa. Ta biyu, sai mu kunna wa hoton wata rana ta ƙarya daga sama ta hannun hagu, kowane tudu ya sami gefen haske da gefen inuwa. Da inuwar nan ido ke bambanta tudu da kwari. Nan ne wurin da na fi so a duk karatun. Nakan zauna ina matsar da ranar nan a hankali, inuwa na tsawo tana gajarta, ina jin kamar na riƙe fitila a kan fuskar wani da ke barci.

Ana cikin hutu, zafin bazara ya kai inda ya kai, Gwaggo Tsahara ta kira. Yayar Baba ce, ita ce kuma shugabar ƙungiyar matan ƙauyen.

"Ɗiyata, an ce garinmu na cikin injin naki?"

"Yana nan, Gwaggo."

"To ɗauko shi ki taho."

Ga abin da ya faru. Matan sun tara hatsi tun kaka don su riƙa sayar wa juna da sauƙi idan damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa. Sun kuma sami siminti da kwano na gina masa ɗaki. Wurin ginin ne ya raba gari. Maza na son bayan kasuwa, mata na son gindin babban gawo. A da kowa ya san inda ruwa ke bi, amma bana an ɗaga sabuwar hanya da jar ƙasa ta tare masa tsohuwar mafita, ba a kuma yi damina ko ɗaya a kanta ba tukuna. Ba wanda ya san inda zai kwanta. In aka gina a kwari, hatsin ya tafi.

Na buɗe taswirata na duba. Bayan kasuwa kwari ne mai faɗi, gindin gawo kuwa yana kan ɗan doro. Na ce a raina wannan ai aikin minti biyar ne.

Da ma na buga babbar taswirar a takarda a Maraɗi, baƙi da fari, don ranar mai shagon ya ce tawadar kala ta ƙare. Baba ya ce lalle in tafi da ita, kada in dogara da abin da ke cin wuta. Na naɗe ta na zura cikin wani guntun bututun roba, na rataya jakar ordinata, na shiga motar kasuwa mai zuwa Tasawa.

Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da daddawa, ga ƙwaryarta a cinya, ga ragon wani a bayanmu yana leƙo kai tsakanin kafaɗunmu. Ta dubi bututun ta ce, "Sarewa kike busawa, ɗiyar nan?" Na ce a'a, gari ne a ciki. Ta ce Allah shi kyauta, ta karɓe shi, duk sanda ragon ya kai baki ga daddawa sai ta ƙwanƙwasa masa garinmu a ka.

A shingen bincike wani jandarma ya buɗe jakata ya ce in kunna na'urar. Da hoton ya fito, ga tuddai jere da inuwarsu, sai ya gyara tsayuwa.

"Agadas ce?"

"Wajen Korgom ne, shef."

"Madmazel, uwata ɗiyar Korgom ce. Yaushe aka kai musu duwatsu?"

Na bayyana masa maganar jan tsayi. Bai gamsu ba, amma abin ya burge shi, ya kira abokin aikinsa. Na riƙa juya musu hoton, mu sauka cikin kwari mu tashi ta kan gonaki kamar shamuwa. Fasinjoji suka sauko. Direba ya yi ta danna ham, da ya ga ba mai kula shi sai shi ma ya zo ya leƙa. Hajiya mai daddawa ta turo kai ta ƙarƙashin hannun jandarman ta ce, "Tunda abin na tashi, ɗan karkata mu gabas mu ga Makka." Na ce jirginmu bai kai can ba. Ta ce to mi ne ne amfaninsa. Kafin a sake mu batir ya kusa ƙarewa, sauran kuma Hajiya ta cinye shi cikin mota, wai a nemo mata gidan wata ƙawarta.

A Tasawa na sauka gidan wata ƙawar Inna. Mu a gidanmu hura mai ruwa-ruwa ake damawa, a sha a wuce. A gidan nan ludayi tsayawa yake cikinta kamar an dasa shi, ga dambu da zogale a gefe, ga mai gidan a zaune tana ƙirga lomata da ido, da na ɗan tsaya sai ta ce ko abincin bai yi ba. Na ci har na daina jin yatsun ƙafata. Na sa na'ura a caji na kwanta, ashe wutar unguwar ta ɗauke ba ta dawo ba.

Da hantsi Harisu ya iso da babur. Ɗan Gwaggo ne, taubashina, magidanci mai mata da ƴaƴa biyu, kabu-kabu yake yi tsakanin Tasawa da Korgom. Bai ko kashe inji ba ya fara.

"Malama Taswira! An ce ke kika san garinmu fiye da mu da aka yanke wa cibi cikinsa."

"Bawana, riƙe mini jaka ka yi shiru."

"Wa ke bawan wa? Hau mu tahi, isansin babur na ƙonewa."

Garin sauri na cusa ordinata cikin jaka na bar wayar cajin maƙale a bango.

Hanyar, bayan an bar ta mota, yashi ce mai laushi, babur na rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Amma ni hankalina ba ya nan. Wata da watanni ina kallon ƙasar nan daga sama, ban taka ta ba tun ina yarinya, yanzu ga ta tana zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, kowace kwana da kowane gangare, kamar mutanen da na daɗe ina mafarkinsu suna fitowa suna gaishe ni. Da muka wuce Korgom muka doshi ƙauyen, na taɓa kafaɗar Harisu na ce, "Yi a hankali, gaba kaɗan hanya za ta karya dama, akwai kududdufi a hagu."

Ya waiwayo gaba ɗaya. "Ni za ki gaya wa kududdufi? Ni da na koyi iyo cikinsa? Ke kin san sau nawa..."

Ban ji ƙarshen maganar ba. Hanya ta karya dama, mu ba mu karya ba. Muka gangara cikin ramin, ni da shi da babur da gari a bututu, muka tsaya a ɗan taɓon da ya rage a gindinsa. Ba wanda ya ji ciwo. Takalmina ɗaya dai yana can har yau. Matan da ke jan ruwa a rijiya sun ga komai, kafin mu hauro labari ya riga mu shiga gari.

Gwaggo ta tarbe ni da dariya da hawaye. Gaisuwar ƙauyen doguwa ce, ba irin tamu ta Mayahi da ake yi ana tafiya ba. An tambaye ni Baba, an tambaye ni Inna, an tambaye ni gajiya da zafi da karatu, kowace mace kuma ta rufe da "ya faɗuwa?" Bayan tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu, Gwaggo ta ɗaga labulen ɗakinta. Buhuna ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, ta bar ɗan siririn wuri da take kwanciya a karkace.

"Kin gani? Wanga na Hajara ne, mijinta na Libiya. Wanga na Mariyama, marayu huɗu gare ta. Ni na ce su kawo. In ruwa ya taɓa shi, ban san da wane ido zan dube su ba."

Da la'asar muka zaga wuraren biyu. Na tsaya bayan kasuwa na duba, na tsaya gindin gawo na duba. Wallahi da ido ba bambanci, ko'ina shimfiɗe. Da muka dawo na buɗe na'ura ta ƙi tashi, na zazzage jaka ba wayar caji. Mai shagon cajin salula ya gwada mata duk wayoyin da ke rataye a shagonsa, ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri irin na mai neman wa amarya takalmi. Ba wadda ta shiga. Na tuna Baba, na rungume bututuna.

Washegari Asabar aka taru ƙofar gidan Maigari. Maza suka zauna cikin inuwar zaure, Maigari a tsakiyarsu kan buzu. Mata muka zauna daga wancan gefe muna fuskantarsu, tabarma a shimfiɗe tsakaninmu, kamar yadda ake kowane taro a garin. Iliya magini na tsaye jingine da digarsa.

"Ni dai a nuna mini inda zan sari ƙasa yau," in ji shi. "Gobe Lahadi ina majami'a, in ban fara nan yau ba jibi zan kama gini a Baudeta. In na tahi sai bayan shuka."

Na warware takardar a kan tabarma tana fuskantata, aka danne kusurwoyinta da takalma. Na nuna sabuwar hanya, na nuna kasuwa, na nuna gawo. Na ce kowa ya duba da kyau ya ga inda ƙasa ta tashi da inda ta lotsa. Kawuna suka sunkuyo daga gefe biyu.

Gwaggo ce ta fara rangaɗa guɗa. "Ga shi nan! Gawo bisa tudu, bayan kasuwa kamar akushi!"

A daidai lokacin wani dattijo daga cikin maza ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Bayan kasuwa tudu, gawo rami. Allah shi yi miki albarka, ɗiyar Mamman, ba ki bi son ran gwaggonki ba."

Sai ga gefe biyu suna sa mini albarka a tare, kowa na murna ya ci. Na ɗan ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ban taɓa shan albarka mai yawa haka ba. Daga baya kowane gefe ya fara jin abin da ɗayan ke cewa, murna ta koma gardama.

"Kai Nomau, makanta ta kama ka? Wanga ne tudu?"

"Ke Tsahara, in ba tudu ba ne mi ne ne? Ga shi ya kumburo kamar an hura shi!"

Nan na gane. An koya mana a aji. Idon mutum ya saba haske daga sama yake zuwa, shi ya sa muke sa ranar ƙaryar a saman hoto. Wanda ya kalli hoton a kife, hasken ya koma masa ta ƙasa, sai idonsa ya juya komai, tudu ya lotsa, kwari ya kumburo. Na sani sarai. Amma tun da na fara karatun nan ban taɓa ganin wanda ya zauna bayan ordinata yana kallo ba. Kowa gabanta yake zama. Ban taɓa kawo tabarma a raina ba.

Na ce a dakata in nuna wani abu. Na kama takardar na juya ta ta fuskanci maza.

A nan aka yi salatin da kuka ji labari. Maza suka ga tudunsu ya faɗa a gaban idonsu. Mata suka ga gawo ya nutse. Wata tsohuwa ta janye jikarta baya, wani ya ɗauke takalminsa daga kusurwar takardar yana tofa masa addu'a. Gwaggo ta yi wuf ta mayar da ita yadda take, ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ke, bar ta inda take da gaskiya!"

Na soma bayani. Da na ruɗe Faransanci ke zubo mini, na ji ina maganar haske da inuwa da ƙwaƙwalwa, ina kallon fuskoki suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Maigari ya ɗaga hannu, cikin taushi ya ce, "Ɗiyata, kin sha hanya, mun gode. Amma takardar da ke faɗin magana biyu ba zan yanke hukunci da ita ba. Tunda haka ne, a bi abin da magidanta suka gani. Iliya, bayan kasuwa."

Iliya ya saɓa diga. Na dubi Gwaggo. Ba ta dube ni ba, Hajara da Mariyama take kallo, su kuma suna kallon ƙasa. Ga gaskiya shimfiɗe a tabarma, na rasa ta inda zan kama ta in miƙa.

Harisu na zaune cikin maza, kuma Allah bai halicce shi da iya yin shiru ba. "Ni da ma na sani," in ji shi da ƙarfi. "Takardar da ba ta hana mu faɗawa rami jiya ba, ita za ta tsare hatsi?"

Aka yi dariya. Ni kuwa kamar an watsa mini ruwan randa.

"Baba Maigari, a ba ni magana ɗaya. Harisu, daga nan inda kake zaune, nuna wa mutane inda muka faɗa jiya."

"Abu mai sauƙi." Ya matso da gwiwa ya ɗora yatsa. "Ga hanyar Korgom. Ga rijiya. Ga kwanar da kika ruɗa ni. Ga..."

Yatsansa ya tsaya a wuri ɗaya.

"Ga mi?" in ji Maigari.

"Ga wani tudu."

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe sama kuka faɗa, ɗan nan?"

Wurin ya kece. Iliya ya sauke diga ya leƙa ta kafaɗar Harisu ya ce, "Rabin tubalin garin nan daga ramin nan na haƙo shi. In ya zama tudu, a biya ni ladan cikowa."

Na ce, "Baba, kududdufi kowa ya san rami ne. Duk gefen da ya nuna shi rami, nan ne mazaunin gaskiya. Gefen da ya nuna shi tudu, ido ne ke juya abin."

Maigari ya daɗe yana kallon yatsan Harisu. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya zagayo tabarmar. Mata suka rikice, masu ja da baya na yi, masu gyara lulluɓi na yi, don ba a taɓa ganin haka ba. Gwaggo ta matsa ta ba shi wurinta. Ya zauna tsakanin Hajara da wata mai goyo, ya sunkuya.

"To," ya ce. "Rami ya koma raminsa."

Ya kai ido bayan kasuwa, ya kai ido gindin gawo, ya sake komawa bayan kasuwa. Ya ɗago.

"Iliya, tahi gawo."

Guɗar da aka yi sai da awaki suka tsinke. Maza kuwa suka yi layi suna zagayowa ɗaya-ɗaya, kowa ya tsuguna cikin mata ya duba ya ce "a'a!", wasu su koma can su sake dubawa su dawo, har taron ya zama kamar ana zagaya turmi. Wani tsoho ɗaya ne ya duba ta nan ya duba ta can ya ce shi bai ga tudu ba bai ga rami ba, bayan guza kawai yake gani. Shi ma na rubuta maganarsa, zan kai wa malaminmu.

Da za a tashi Maigari ya kira ni gefe ya ce, "Ɗiyata, gaba in za ki kawo irin wagga takarda, ki fara gaya wa mutane inda za su zauna." Na ce na ji, Baba.

Komowa a amalanken shanu na yi har Korgom, da takalmin aro, don na rantse ba ni ba babur ɗin Harisu. Shi kuma ya bi mu a hankali yana yi wa shanun ham. A Tasawa na tarar da wayar cajina an ɗaure bakin buhun gawayi da ita, aka kwance aka ba ni, aka kuma dama hura.

Shekaranjiya da safe, bayan ruwan nan mai ƙarfi, wayata ta yi ƙara da lambar Harisu. Na ɗauka na yi sallama, ba a amsa ba. Sai wani kuka nake ji, mai yawa, mai daɗi, kamar gari guda na tafi da baki. Kwaɗi ne. Can sai muryar Gwaggo.

"Kin ji su? Bayan kasuwa ke nan, ruwa har cinya. Hatsinmu na gawo, ko raɓa ba ta taɓa shi ba."

Ta ce an manna takardar a bangon sabon ɗakin, inda ba mai iya zama bayanta. Duk wanda ya shiga sai ya fara duba kududdufi, in ya gan shi rami sannan hankalinsa ya kwanta. Ina jiyo Harisu daga nesa yana cewa a ba shi wayarsa, kuɗinsa ke ƙonewa. Na ce a gaishe shi. Gwaggo ta ce ba ya amsa gaisuwa kwanan nan, fushi yake da gari, don yanzu yara da manya, har Maigari, ba mai ce wa ramin nan kududdufi. Tudun Harisu ake ce masa.